Ranar da Sufeto Ya Zo Ɗaukar Littattafanmu

Ban taɓa mantawa da ranar da sufeton makarantu ya zo Illela duba laburarenmu ba, kuma tun da kun nemi in ba ku labari ɗaya daga aikina, shi zan ba ku. A lokacin, shekara biyu ke nan bayan samun 'yancin kai. Ina malamin aji biyar a babbar firamare, hedimastanmu kuwa Malam Sidi ne, mutumin Darna. Wata uku ke nan da muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa. Ba zan tsawaita a kan wannan ba.

Kafin lokacin, littattafan makaranta a kabad suke, a kulle. Sai ofishin ilimi ya kawo sabon tsari: a ware ɗaki guda, a jera littattafai a kan kantoci inda kowa zai ɗauka da hannunsa, a sa tebura da bencina, a ajiye rajista da mai karatu zai rubuta sunansa. Aka turo mana akwati shida na littattafai da allo mai rubutu da manyan baƙaƙe: SHIRU. Ni aka ba mabuɗi, na kuma ɗauki allon nan da muhimmanci ƙwarai. Ko tari ɗalibi ya yi, sai na nuna masa shi da rula.

Makon farko ɗaki ya cika. Mako na uku mutum biyu kaɗai ke zuwa, su ma barci ke kawo su, don ɗakin yana da sanyi. Ana haka takarda ta iso cewa sufeto na tafe, kuma duk makarantar da ba ta amfani da littattafanta za a kwashe su a kai wata.

Malam Sidi ya shigo ya duba rajista, ya zauna ya buɗe wani littafi. Can sai na ji gunguni. Na ɗaga rula na nuna allo kafin in tuna wa nake nuna wa.

"Har ni, Malam Bello?"

"Ranka shi daɗe, doka ce."

Ya rufe littafin ya ce, "Yaran ga tun suna shekara huɗu da murya sunka koyi karatu a makarantar allo. In kunne bai ji ba, kai bai ɗauka. Ka rufe musu baki, mi kaka so su yi da littafi, su sunsuna shi?"

Ya sa aka kafa rumfar kara a bayan ɗakin, aka shimfiɗa tabarmi. Wanda ke son shiru ya zauna ciki, wanda ke son murya ya rubuta suna ya fita da littafinsa rumfa. Cikin kwana goma rajista ta cika. Amma ni tsoro bai bar ni ba, domin babu rumfa a takardar ofis. Ranar da sufeto zai zo, ba tare da na shawarci kowa ba, na naɗe tabarmi na ɓoye, na shigar da ɗalibai talatin ciki, na ce duk wanda leɓensa ya motsa zai gamu da ni.

Sufeton, Malam Garba, bai daɗe da dawowa daga kwas a Ingila ba. Ya tsaya rabin awa yana gyaɗa kai, ni kuma ina jin kaina kamar an ƙara mini girma. Daga nan ya dafa kafaɗar Umaru, mutumin Gidan Katta, babban ɗalibinmu na aji bakwai wanda har gemu ya fara fito masa.

"Me ka karanta a shafin nan?"

Umaru ya miƙe. "Ranka shi daɗe, ban sani ba."

"Rabin awa kana kallonsa."

"Kallonshi ni kai, amma ban ji shi ba. An hana."

Sufeto ya tambayi mutum huɗu, amsa ɗaya. Na biyar ma littafinsa a juye yake. Ya leƙa taga ya ce wa direbansa ya sauko da akwatunan kwashe littattafai.

Malam Sidi bai dube ni ba. Ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba mu kwatan awa guda. Malam Bello, ina tabarmin?" Na je na fito da su daga bayan buhunan alli.

Ɗalibai suna zama a rumfa, sai wuri ya kaure. Littafi talatin, murya talatin, kowa na rangaji da irin waƙen da ya saba: wannan kogunan Afirka, wancan lissafi, Umaru kuma rayuwar sauro da Turanci. Wani dattijo ɗan kasuwa da ya tsallako daga Ƙonni da jakai ya ji sautin, ya tuɓe takalma ya tsugunna a bakin rumfa. Da Umaru ya kai ƙarshen shafi, dattijo ya shafa fuska ya ce amin.

"Alhaji, sauro ne," in ji Malam Sidi.

"To, Allah shi tsare mu da shi," in ji dattijo, ya ƙara shafawa.

Sufeto ya sake tambayar Umaru. Ya kawo masa sauro tun daga ƙwai har zazzaɓi, bai tsallake layi ba. Sauran ma haka. Sufeto ya ce wa direba ya mayar da akwatuna mota. Da muke rakiyarsa ya rage murya ya ce shi ma a Ingila cikin bargo yake shiga ya yi karatunsa da ƙarfi, don kada maƙwabta su ji.

Malam Sidi bai taɓa tayar mini da maganar tabarmin nan ba, ko sau ɗaya, har muka rabu.

Abin da na koya shi ne, kafin ku jera ɗaki, ku je ku ga yadda mutanenku suke karatu. Kuma idan kun shiga kun tarar da wuri tsit, kada ku yi saurin murna. Ku ta da mutum ɗaya ku tambaye shi abin da ke shafin gabansa.