Daminar da Filimon Bai Zo Ba

Filimon ɗan garin Rikoto mai tsaron baya ne a ƙwallon ƙafa, irin waɗanda ba a tuna su sai ranar da aka ci ƙungiyarsu. Kafin ƙwallo ta ɗauke shi, ya yi damina biyar yana golmo a gonar Baba Tanko, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake nema. Dinatu sunanta. Saura damina biyu ya gama, wata ƙungiya a Jos ta kira shi.

Gasar ba ta san damina ba. Abokansa suka riƙa zuwa gonar a madadinsa. Tsohon yakan ba su ruwa, ya ce, "Sannunku, 'ya'yana, amma ba ku nake jira ba."

Daga Jos ya koma Kaduna, daga nan Ilorin, ko'ina ana yabon yadda yake tare hanya. A Ilorin gwiwarsa ta lalace.

Ya dawo yana dogara sanda, ya je gonar ya roƙi a bar shi ya cika abin da ya rage. Baba Tanko ya daɗe yana duban ƙafar.

"Zauna a inuwa, ɗana," in ji shi. "Mijin Dinatu ya riga ya gama noman bana."