Rabin Tuwonmu na Shanun Ardo Ne

Jiya a hanyar Minjibir na ga shanu kwance a wata gona da aka gama girbi. Warin kashinsu na bugun hancina sai Baba ya faɗo mini a rai.

Kowace kaka, da an kwashe gero, da ƙafarsa yake zuwa ya kira Fulani su sauka a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Yakan damƙi ƙasar ya shinshina, ya ce, "Rabin tuwon gidan nan na shanun Ardo ne."

Shekarar da fari ya tsananta, shanun suka kutsa gonar maƙwabcinmu suka cinye masa harawa. Kafin azahar samari sun taru da gorori, suna cewa Fulani ba su da amana, yau sai an ƙone rugar. Muna ɗaure kara ni da Baba. Ya ajiye igiya, ya tare su a bakin gona, ko sanda babu a hannunsa.

Ya ce, "Ga harawata can kan soro, ku kwashe ku kai masa. Amma duk mai son korar mutanen nan, ya fara tsince takin da gonarsa ta sha shekara da shekaru, ya mayar musu."

Maƙwabcin ne ya fara juyawa.

A ranin nan tumakinmu suka rame, wasu suka mutu, Baba bai taɓa ɗaga zancen ba. Har yau jikokin Ardo a gonarmu suke sauka.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ƙasar da yake kwance a cikinta ta yi masa laushi kamar wadda ya bar mana.