Gaisuwar da muka aika Filato

Shekarun baya, da aka sa ranar bikin ƙanwata, mahaifiyata ta kafa sharaɗi guda: sai an nemo mata aminiyarta. Malamar firamare ce, Kirista 'yar Filato, da muka yi maƙwabtaka da ita a Ƙofar Sauri. Ita ta goyi ƙanwata tana jaririya, kuma ranar da za su bar Katsina bayan mijinta ya yi ritaya, ta yi alkawarin ita za ta riƙe hannun amarya ranar kai ta ɗaki. Lambarta ta daɗe da daina shiga. Abin da muka sani kawai shi ne sunan makarantar da ta koma koyarwa a garinsu.

Na samo adireshin imel na makarantar, babu sunan kowa a jiki. Na ce wa mahaifiyata ta kwantar da hankalinta, ni da rubuta labarai ne aikina a gidan rediyo. Na zauna a tsakar gida da kwamfuta a cinya, na rubuta bayanin tsaf. Layin farko ne ya gagare ni.

In yi sallama, ban san addinin mai buɗewa ba. In ce ina kwana, wataƙila da yamma zai karanta. In ce Malam, ƙila mace ce. Sai na kira abokina da ke aiki a sakatariyar jiha.

Ya ce, "Kai dai sa 'Zuwa ga wanda abin ya shafa', ka wuce. Mu haka muke yi."

"Kuna samun amsa?"

"Wani lokaci," in ji shi, yana dariya.

Na karanta wa mahaifiyata. Tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wanda abin ya shafa? Sammaci za ka aika mashi?"

"Inna, haka ake yi a ofis."

"Mutum za ka roƙa ya tashi daga kujerarshi ya nemo maka wata, ko lahiyarshi ba ka tambaya ba. Ni in ni ce, share shi zan yi."

Wannan ya tsaya mini a rai, domin hanyar ke nan guda da muke da ita. In aka share saƙon, magana ta ƙare. Ina cikin tunani na tuna cewa kullum ina gai da mutanen da ban taɓa gani ba. Shirin da muke naɗa a maimaita safe da yamma ba ma cewa ina kwana a cikinsa. Sai na rubuta: "Barkanku da warhaka, a duk lokacin da saƙon nan ya same ku."

Da na karanta wa Inna, ta ce, "Yauwa. Sa ya iyali."

"Ba mu san ko yana da iyali ba."

"Daga sama ya faɗo? To sa mutanen gida."

Daga nan muka shiga ciniki. Tana so a tambayi gajiya, yara, sanyin Filato, har da maƙwabta. Ni kuma ina yanka kamar yadda nake yanke labarin da ya yi tsawo. Muka daidaita a kan aiki, mutanen gida, da ruwa, tunda damina ce. Na tura ina jin kunyar wanda zai buɗe.

Mako bai cika ba amsa ta zo, daga shugabar makarantar. Ga yadda ta fara: "Barka kadai. Aiki da godiya. Mutanen gida suna lafiya. Ruwa kuma ya yi gyara." Ta bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Ta ce akwatin nan sanarwa da talla kawai ke shigo masa, ba a taɓa tambayar lafiyarta a cikinsa ba. Malamar ta yi ritaya, amma cocinsu ɗaya, kuma ta kai mata saƙon ranar Lahadi. A ƙasa ga lambar waya.

Na kira, na miƙa wa mahaifiyata. Suka fara da dariya, suka ɗan yi kuka, sannan suka shiga gaisuwa. Duk abin da na yanke sai da ta tambaya: gajiya, yara, jikoki, sanyin Filato. Ita ma Malama ta bi gidajen layinmu ɗaya ɗaya. Da suka yi ban kwana, Inna ta miƙo mini wayar fuskarta cike da murna.

Na ce, "Kin faɗa mata ranar bikin?"

Ta miƙo hannu. Ta ce, "Sake kira mani ita."

Malama ta zo, ta kuma riƙe hannun ƙanwata har bakin ƙofar ɗakinta.

Har yau, in zan rubuta wa wanda ban sani ba, da barka da warhaka nake farawa, in tambayi aiki, sannan in shiga magana. Ba kowa ke amsa gaisuwar ba, kuma ba na tsammanin haka. Inna dai har yanzu in ta gan ni da kwamfuta sai ta tambaya, "Ka dai gaishe su?"