Ranar da na yi kokawa a kwance

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe yammacin da na kwanta da bayana a kan yashin kogin Haɗejiya da gangan ba, ni da na tashi a gidan 'yan kokawa.

A wurinmu, da bayanka ya taɓa ƙasa an gama da kai. Ina tashen kokawa babur ya kayar da ni a hanyar Kafin Hausa, gwiwata ta hagu ta daina ɗaukar nauyi. Na bar fili na koma noman shinkafa. Ko kiɗan kokawa na jiyo sai in canza hanya, don zuciyata ba ta ɗauka.

Ana nan sai taubashina, ɗan gwaggona, ya zo hutu daga Legas, wai ya koyo wata kokawar waje mai suna jujitsu. Ya same ni bakin kogi ina gyaran komar kamun kifi.

Ya ce, "Gurguna, zo in maido ka kokawa. Kwanta."

Na ce, "Ka taɓa ganin wanda ya fara da faɗuwa?"

Amma ni akwai son sanin ƙwaƙwaf, sai na kwanta. Ya tsaya a kaina ya ce kada in kulle shi da ƙafafuna, in bar su a sake: tafin dama a ƙugunsa, ƙafar hagu ta saƙalo bayan gwiwarsa, hannuna riƙe da idon sawunsa. Ba don wasan taubasai ba, ina zan ɗora wa magidanci ƙafa a ciki?

Ya yi dama, ƙafata ta bi shi. Ya yi hagu, ta tare shi. Na yi ta mamakin yadda tafin ƙafa ke jin niyyar mutum kafin ya motsa, ga gwiwar kuma ko uffan ba ta ce ba. Da ya danno, na tura shi kamar mai ture kwale-kwale daga gaɓa. Sai ga ƙato zaune daɓas.

Ina dariya na ga Babanmu tsaye a kanmu. Tsohon ɗan kokawa ne da ko sunan kaye ba ya son ji, ga ɗansa shimfiɗe a ƙasa gaban masunta. Kunya ta rufe ni, na yunƙura zan tashi.

Ya ce, "Koma." Ya zagaye mu yana leƙen ƙafafuna. "Wannan ta hagun, me take yi a nan?"

Taubashina ya ce, "Ƙugiya ce, Kawu."

Baba ya cire hularsa ya miƙa mini. Ya tattare rigarsa, ya zauna a yashin yana nishi. Ya ce, "Zo nan, ɗan Legas, ni ma in gwada."

Tun daga ranar na san ba gwiwa ce ta raba ni da kokawa ba. Ban taɓa tambayar abin da mutum zai iya yi bayan ya kai ƙasa ba ne.