Baƙar Tukunya da Butar Surukina

Lokacin da nake gyaran rediyo a Funtuwa, wata 'yar kasuwa Inyamura da shagonta ke jikin nawa ta hana ni sakat sai na sayi tukunyar kashe gobara. Da muka je wurin saye, zan ɗauko ja, ta riƙe min riga.

"Malam, wannan ruwa ne ciki! Ka fesa a waya, kai da rediyon ku tafi tare. Ɗauki baƙar, mai baki kamar kakaki. Iska ce, ba ta jiƙa komai."

Na saya ina gunaguni, na rataye ta a bango.

Bayan kakar auduga surukina ya zo daga Maska da rediyonsa mai kaset, naɗe cikin zane. Ta daina aiki, kaset ya maƙale a ciki, kuma a kaset ɗin akwai muryar marigayiya matarsa tana waƙar niƙa. Babu wani kwafi. Ni kuwa tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, durƙushe nake gaishe shi.

Ya dubi tukunyar ya yi dariya. "Mu dai a gona ruwa da ɗanyen ganye muka sani."

Na buɗe bayan rediyon ke nan, na jona, sai tartsatsi. Wayar lantarkin teburin ta kama da wuta, harshen yana lasar zanen. Kafin in juya, tsoho ya ɗaga butarsa ta alwala.

"Kai, Baba! Ajiye!"

Ni ne na daka masa tsawar, har na buge hannunsa. Na kashe lantarkin shagon, na fizgo tukunyar, na fesa. Farin hayaƙi mai sanyi ya turnuƙe mu, wuta ta mutu. Maƙwabciyata tana bakin ƙofa tana tafi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Kaset ya fito a bushe. Na sa shi a wata rediyo. Sai ga muryar Inna surukata, tar, har da ƙarar dutsen niƙa. Daɗi ya kama ni har na manta da kunyar.

Baba ya saurara har ƙarshe, yana dariya yana share ido da hannun riga. Sannan ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗana, tsawarka ta yi daɗi. Maido waƙar farko mu ƙara ji."