Kilen Yaya Mato da Guntun Ƙarfen Kakanmu

Shekara goma sha tara ke nan da muka raka yayana Mato makwancinsa a nan Matameye, amma ban taɓa jin rashinsa irin na bana ba. Zama ya gagare ni. In na zauna a zaure sai in miƙe in nufi maƙera, in na isa maƙera sai in tarar babu abin da ya kawo ni face wani ɗan abu naɗe a tsumma bisa uwar maƙera, wato kilensa, wanda ya yi shiru tun farkon damina.

Kile shi ne abin da mutanen Kano ke kira sifana, sai dai wannan ba gama-gari ba ne. A kansa akwai gare mai haƙora da ɗan harshe. In ka ja hannunsa gaba ya kama noti ya juya, in ka dawo da shi baya ya saki yana ƙas-ƙas-ƙas, ba sai ka cire ka sake ɗorawa ba. Bayan harshen akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa ya miƙe, wanda 'yan garaji ke ce wa rasor. Shi ne ran abin, shi ne kuma ya karye.

A zamanin da manyan motoci ke kwasar gyaɗa daga garin nan Mato ya tsinto shi a kasuwa, a tabarmar wani mai sayar da komatsai, tsatsa ta haɗe shi ya zama dunƙule guda. Ya jiƙa shi a ruwan tsamiya har baƙin ya sake, ya shayar da shi kalanzir, ya buɗe cikinsa, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da magagari yana tayar da waɗanda suka kwanta. Kome ya daidaita sai rasor, wanda ya ruɓe tun a hannun mai shi na fari. A nan ne idonsa ya faɗa kan bindigar kakanmu.

Kakanmu yana cikin maƙeran da suka ƙera bindigogi a ƙasar Damagaram a ƙarshen ƙarni na sha tara, tun Nasara bai shigo ba. Bindigarsa guda ta rage, tana rataye a ɗakin mahaifinmu, ba mai taɓa ta. Da na ga Mato ya sauke ta yana kwance kunamarta don ya yanki ƙarfen sabon rasor, na ce, "Yaya, bindigar Kaka za ka farke saboda abin da ka kwaso a bola?" Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Kai Isufu, bindigar ce ta gama aikinta. Ƙarfen bai gama ba." Har yau ina kan bakana cewa bai kyauta ba, har yau kuma ban sami amsar maganarsa ba.

Yanka ƙarfe kowa ya iya. Inda gadon yake shi ne abin da a gidanmu muke kira shayarwa. Za a gasa ƙarfen ya yi ja, a tsoma shi a man gyaɗa, a goge shi fes, sa'an nan a ɗora shi bisa wani ƙarfe mai zafi a zuba masa ido. Launi zai riƙa hawa: na busasshiyar ciyawa, sai na jan goro, sai shuɗi mai sheƙi irin na turkuɗi. Nan ake ɗaukewa. Wanda ya yi garaje, ƙarfensa ya karye kamar ƙashi. Wanda ya yi nawa, nasa ya lanƙwashe ba ya dawowa. Kakanmu ya kafa doka cewa ba a nuna launin nan ga wanda ba a haifa a bakin zugazugi ba, domin a zamaninsa wanda ya san shi ya san yadda ake tayar da bindiga. Lokacin shayarwa akan saki asabari a ƙofar maƙera, ko surukin gida ya tsaya a waje.

Nakan tambayi kaina abin da Mato zai ce da ya leƙo kasuwar yau, ya ga kayan aiki masu ƙyalli jibge kamar tumatir, a saya da safe a yar kafin la'asar. Me zai ce wa masu sayen tsohon ƙarfe da ke zagaye unguwa da amalanke, waɗanda suka taɓa taya mini uwar maƙerarmu a kan sikeli? Ina jin dariya zai yi, shi mutum ne mai sauƙin rai. Ni ne ba ni da dariyar. 'Ya'yansa maza, ɗaya yana tuƙi a hanyar Agadas, ɗaya yana koyarwa a Damagaram. Allah ya yi musu albarka, amma babu wanda ya san inda awartaki yake rataye. Ni kuwa mata Allah ya ba ni.

Da rasor ya karye na ce abu mai sauƙi, da tsohuwar zuma ake magani. Na gwada hannuna a kan ƙarfen mota. Hannun yana nan yadda na san shi, ido ne ya ci amanata. Yana ce ta rufe shi, ja da shuɗi duk toka nake gani. Abin da na shayar duka, wani ya karye, wani ya kwanta. Ƙarfen Kaka kuwa, abin da Mato ya rage bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Na gwaji ɗaya ne tak.

Duk wannan a kan idon Shaibu ake yi, wani magidanci ɗan manoman Dungu mai gyaran famfon burtsatse, wanda ya saba aron kilen tun Mato na da rai, don shi kaɗai ke shiga lungun da sauran ba sa juyawa. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa, bai ƙetare ba, don ya san doka. Ya ce, "Baba, famfon wani ƙauye bayan Kurni ya tsaya, mata sun koma tsohuwar rijiya. Ni ba sirri nake roƙo ba. Ara mini hannu, in ara maka ido." Na ce, "Ubanka gero ya bar maka ko masaba?" Ya ce, "Gero, Baba, kuma da shi aka yi tuwon da ka ci jiya."

Na sallame shi, na shiga kai da kawo tsakanin mamata biyu. Kaka ya ce a saki asabari. Mato ya ce ƙarfen bai gama ba. In na bi Kaka, launin ya bi ni kabari. In na bi Mato, ni ne na buɗe ƙofar da uba da kaka suka rufe. Abin da ya raba gardamar shi ne tambayar da na yi wa kaina: bindigar wa nake tsaro? In ba ƙira, me ya ci gawayi?

Ranar da Mato ya cika shekara goma sha tara da rasuwa, bayan an shafa fatiha an watse, na aika aka kira Shaibu. Na saki asabari yana ciki. Ni na riƙe guntun ƙarfen Kaka da awartaki, shi ya sunkuya. Ya ce, "Ciyawa, Baba." Na ce a jira. Ya ce, "Goro." Can ya ɗaga murya, "Turkuɗi! Wallahi turkuɗi!" Na ɗauke. Da ya huce muka mayar da shi bayan harshe, na ja hannun kilen baya. Ƙas-ƙas-ƙas. Ashe gaskiyar masu iya magana, ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Mato bai bar gona mai faɗi ba, bai bar gidan sama ba. Abin da ya bari shi ne ƙin yanke wa abu hukuncin mutuwa tun yana da sauran aiki a jikinsa, kuma na ga gadon nan ya fi bindiga nisan zango. Kilen yanzu yana jakar Shaibu, an ce mini ruwa ya dawo a ƙauyen. Ban ce hankalina ya kwanta ba. Har yanzu nakan tashi in je in shafa ƙusar da bindigar ke rataye a da. Amma na tanadi amsata. Ranar da na tarar da su, in Kaka ya tuhume ni a kan asabari, zan nuna masa Mato in ce, "Shi ya fara."

Allah ya yalwata musu makwanci su biyun, ya sa in na iso su yi mini sassauci.