Dalma a Tandar Verna

Orval Stroud bai taɓa sayen harsashi a kanti ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya san yadda ya yi ya cusa wannan maganar. Tsoho ne dogo, busasshe kamar kilishi. Gireda ya tuƙa wa ƙaramar hukuma har ya yi ritaya, shi ke ture mana dusar ƙanƙara daga hanya a nan cikin duwatsun Idaho. Amma in ka tambaye shi sana'arsa ba zai ce gireda ba, zubin harsashi zai ce maka.

Wurin ubansa ya koya. A narka dalma a tukunya, a zuba a ƙarfen zubi, a buɗe, kan harsashi ya faɗo yana ƙyalli, daga baya a ɗura shi a kwanso da albarushi. Rabin mazan garin nan suna taɓa harkar in sanyi ya shigo, tunda ba abin yi sai giya da zagin gwamnati. Shi na Orval ya wuce taɓawa, ciwo ne. Na doguwar bindigarsa ta harbin barewa, dalma mai tauri yake so, wadda farce ba ya kama ta. Na ƙaramar bindiga kuwa mai ɗan laushi. Kowane ɗaya sai ya juya shi a yatsu, ya kai shi bakin taga ya ƙare masa kallo. Mai tamoji, mai rami a gindi, mai karkataccen kai, duk tukunya za su koma.

Dalmar kuma kyauta yake samu a shagon tayar abokinsa Dwight, irin 'yan ƙarafan nan da ake maƙala wa ƙafar mota don kar ta yi rawa a titi.

"Ga shararka nan, tsohon banza," Dwight zai ce, ya turo masa bokiti da ƙafa.

"Rabinsu tutiya ne, ba dalma ba. Guda ɗaya ta faɗa tukunya ta kashe mini aiki."

"To ka tsince mana! Me kake yi da yininka, zance kake zuwa?"

Irin wannan dalmar datti ne da ita. Sai an fara narka ta a tsakar gida an kwashe dauɗar, sannan a zuba ta a wani abu ta daskare dunƙule-dunƙule, a ajiye. Kowa a nan a tandar gasa kek yake zubawa, mai ramukan nan. Orval tun yana da sauran baƙin gashi ya sace ta matarsa Verna, ta baƙin ƙarfe, wadda ta gada wurin uwarta. Verna ta yi masifa har maƙwabta suka ji. Ƙarshe ta ce ya riƙe tsiyarsa, amma kar tandar nan ta kuskura ta sake taka mata kicin. Ta sayo wata 'yar shara-shara a kanti ta ci gaba da gashinta.

Ciwon daji ne ya ɗauke Verna. Orval bai yi kuka ba. Aka dawo daga maƙabarta, mata na ta jera kwanukan abinci a falo, shi ya shige gareji da kwat ɗinsa ya kunna tukunya. Mutane suka yi ta gulma. Shi dai bai ji komai a ransa ba ne, kuma bai san inda ake zuwa a ji ba. Daga nan rayuwarsa ta koma waken gwangwani, rediyo, zubi, barci.

Ana haka 'yarsu Tawnya ta dawo garin. Ita kaɗai suka haifa. Mijinta ya tafi aikin rijiyar mai a Dakota, ya manta hanyar gida, ya bar ta da 'yar jaririya, Opal, da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tawnya ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, ba ta da mai riƙe mata yarinya, sai uban.

"Baba, ka rantse ba za ta leƙa garejin nan ba."

"Kwaɗo zan sa."

"Ba wasa nake ba fa."

"Na ce kwaɗo zan sa."

Ya sa kuwa. Ranar da Opal ke nan ko kallon garejin ba ya yi. Tun mutuwar Verna bai san yana jiran wani abu da safe ba, sai da ya kama kansa tsaye a taga yana dakon motar Tawnya. Yarinyar ta riƙa bin sa ɗaki-ɗaki tana jan wandonsa, tana "Kaka, Kaka." Matsala ɗaya, ba ta cin abinci. Ya ba ta wake ta tofar, ya ba ta ƙwai ta watsa wa karensa.

Sai ya tuna kek ɗin masarar Verna, wanda Tawnya ke hauka a kai tana ƙarama. Ya kwaɓa, ya zuba a 'yar shara-sharar nan. Ƙasa ya ƙone, sama ɗanye, sauran ya manne ya ƙi fita. Ya sake, haka. Ya tsaya yana kallon abin, sai ya ce ai dama ba a wannan Verna take yin mai daɗin ba.

Ya je gareji ya ɗauko baƙar tandar. Ya dirje ta da soson ƙarfe da sabulu har yatsunsa suka yi ja, ya tafasa ta, ya shafe ta da mai, ya gasa ta a wuta. Ta fito tana sheƙi kamar sabuwa. Kar ka ce bai yi tunani ba, ya yi. Tunanin shi ne, shekara hamsin yana damuƙar dalma da hannu, yana cin burodi a kan teburin zubi, ga shi nan ras. Kuma ai ya wanke.

Kek ya fito sumul, gefensa ya soyu. Opal ta cinye ɗaya ta miƙo hannu. Tun daga ranar kullum sai ya gasa mata. Da yamma ya wanke tandar ya jefa cikin oba, akwatin gashi na murhu, Tawnya ba ta taɓa ganinta ba, ita dai murna take 'yarta ta fara ci.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, yarinya ta canza. Rigima ba dalili, ciwon ciki, barci da rana tsaka. 'Yan kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har "Kaka" ɗin ta daina. Kowa ya ce haƙori ne. Sai da aka kai ta awon shekara biyu aka ɗebi jini, asibiti suka kira Tawnya a wurin aiki suka ce ta zo yanzu-yanzu. Dalma ce a jinin, da yawa.

Hukumar lafiya ta turo wata mata, Misis Ybarra, da 'yar jakarta. Wasu 'yan tsinkaye ne da ita masu auduga a kai, in ta goga a wuri mai dalma sai audugar ta yi ja. Ta duba gidan hayar Tawnya, ba komai. Suka zo na Orval. Ta goga a fentin taga, ta ɗebi ruwan famfo, ta ɗebi ƙasar tsakar gida. Gareji ya yi ja, wannan kowa ya sani, amma ga kwaɗo a ƙofa. Har ta fara rufe jaka, sai ta ce, "Mista Stroud, a me kake dafa mata abinci?"

Ya buɗe oba ya fito da tandar. Ta goga a rami ɗaya. Ja wur.

Tawnya ta daɗe tana kallon tandar.

"Baba, wannan ba ta Mama ba ce? Ta gareji?"

"Na wanke ta."

"Ka wanke ta."

"Da soson ƙarfe. Na tafasa ta ma."

"Kai da ke mayar da harsashi tukunya kan tabon da ko ƙuda ba zai gani ba! Barewar da za ka kashe ka fi tausaya wa a kan 'yata? Guba ka riƙa gasa mata kullum, ina dawowa ina ce maka na gode!"

Misis Ybarra ta sunkuyar da kai tana ta gyaran jakar da ba abin da ya same ta. Orval yana tsaye da tanda a hannu. Ya san yanzu ne ya kamata wani abu ya tsinke masa a ƙirji. Ya jira. Shiru. Abin da ya lura da shi kawai, firji na ƙara.

"Ba za ka sake ganinta ba," in ji Tawnya. Ba ta ɗaga murya a wannan ba. Ta kwashe kayan wasan yarinyar ta jefa a shara, ta fita.

Aka sa Opal a magani. Likita ya ce dalmar za ta sauka a hankali, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba wanda ya isa ya faɗa, sai ta shiga makaranta a gani. A bakin wata 'yar cocinsu Orval ya ji wannan, a layin biyan kuɗi a kanti. Ya ce mata to, ya ɗauki ledarsa.

Washegari ya loda komai a akori-kurarsa, tukunya, ƙarafan zubin ubansa, ludayi, dunƙulallen dalmar da ya tara tun Tawnya tana ƙarama. Motar har ta zauna. Ya kai shagon Dwight.

"Kai, tsohon banza, ƙaura kake?" Dwight ya leƙa bayan motar, dariyar ta maƙale. "Orval, na ubanka ne fa waɗannan."

"Ka ba wanda ka ga dama."

"Ka zauna ka sha kofi mana."

"Ka ba wanda ba shi da yara," in ji Orval, ya fara saukewa.

Ya ɓanɓare kafet ɗin gidan gaba ɗaya. Ya zubar da tukwane, cokula, tufafinsa, har kujerar da yake zama. Ya wanke bango, ya sake wankewa. Misis Ybarra ta dawo ta goga ko'ina, fari tas. Ya roƙe ta ta gaya wa Tawnya. Ta ce ta gaya mata. Waya ba ta yi ƙara ba. Lokacin farauta ya zo, gari ya cika da motoci da ƙahonnin barewa a baya, shi yana zaune a falon da ba kafet, kan kujerar roba, yana kallon hanya. Ba baƙin ciki yake ba. Zama kawai yake.

Sai gab da faɗuwar dusar ƙanƙara Tawnya ta kira.

"Muna filin wasan yara, bayan laburare. In za ka zo ka zo." Ta ja numfashi. "Ba don kai ba ne. Ita ce ke tsayawa a bakin ƙofa kullum da takalminta a hannu, na gaji."

Ya yi wanka, ya sa sabuwar riga da ko layin ninkinta bai baje ba. Ya same su wurin lilo. Tawnya ta rame, tana cikin kayan aiki, ba ta gaishe shi ba. Opal ta ƙara tsayi. Ta kalle shi, ta kalle shi, ba ta ce komai ba. Sai ta tako ta tsaya a gabansa ta ɗaga hannuwa sama.

Orval bai motsa ba.

"Ɗauke ta mana, Baba. Ba yini zan yi a nan ba."

"Ta fara magana?"

"Kaɗan. Ɗauke ta."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya zagaye ta da damatsa ya miƙe da ita, tafukan hannunsa a buɗe a iska, bai yarda sun taɓa ko rigarta ba. Yarinyar ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Tawnya ta ga hannuwan, ta duba agogonta.

"Ƙarfe biyu zan koma aiki," ta ce. "Asabar ma muna nan, in ba iska."